Kafin Ka Ce Yaro Bai Iya Ba, Duba Bakin Ƙarfensa

 

A wannan makon ba zancen farashi ko wahalar kan iyaka zan yi ba. Zancen wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda saura ƙiris ya raba ni da ɗana. Laifin kuma nawa ne, shi ya sa na ga gara in faɗa da bakina, ko wani uban zai tsira daga abin da na faɗa ciki.

Masu bin wannan fili sun san ina da rumfa a kasuwar Dantokpa ta Kwatano shekara ashirin da ɗoriya. Farantai nake sayarwa da butoci da warwaro da zobba, irin kayan da ake nema idan biki ya matso. Autana yana da shekara 18. Yaro ne mai ladabi, amma zaman rumfa ba ya cikin jininsa. In ka bar shi da ciniki, kafin ka dawo daga masallaci mai saye ya tafi, shi kuwa yana can yana zane a bayan kwali. Tun yana makarantar allo malaminsa ya ce hannunsa na da kyau wajen zayyana. Ni dai a lokacin ban ga abin da zayyana za ta saya wa mutum ba.

Wata rana wata hajiya ta sayi warwaron azurfa guda biyu, ta ce a rubuta mata sunan amarya a jiki. Muka aika wa mai yi. Da aka kawo, kuɗin rubutun ya fi ribar da na ci a kan warwaron. Auta ya juya shi a hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, in na sami kayan aiki zan iya wannan." Wallahi na ji daɗi, domin a watannin nan abokansa biyu suka bi hanyar hamada zuwa Libiya, kuma na san zancen yana yawo a kansa. Na ce a raina, to ga abin da zai zaunar min da shi.

Sai na yi irin ta ɗan kasuwa. Na sa aka nemo mini mafi araha kuma mafi yawa: akwati mai kyau, an shimfiɗa jan ƙyalle a ciki, ƙarafan zane goma sha biyu a jere, kowane da ƙotarsa mai sheƙi. Jaka takwas na biya, ina ta murna na yi ciniki. Na manta da abin da nake faɗa wa masu saye kullum, cewa araha ba ta ado.

Wata biyu yaron nan yana fama. Ya sa ƙarfe zai ja layi, sai ya zame. Ya danna da ƙarfi, sai ya nutse ya tsaya cak. Ni kuwa ina ƙirga kwanaki. Da wani aikin ya zo, warwaron azurfa na gaske, na ce masa, "Ai ka daɗe kana koyo, yi wannan mu gani." Ya ce, "Baba, a ƙara min lokaci." Na ƙi. A harafi na uku ƙarfen ya ƙwace, ya karce warwaron daga gefe zuwa gefe, ya wuce ya shige gindin babban yatsansa na hagu. Jini ya ɓata tabarma. Na biya mai kaya, na kai shi aka ɗaure hannun, amma a hanyar dawowa na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce masa kasuwa ta gagare shi, sana'a ma ta gagare shi.

Daga ranar ya daina cin abinci tare da ni. Bayan mako guda uwarsa ta same ni da dare ta ce, "Alhaji, ka san yaron nan yana tambayar kuɗin mota zuwa Agadas? Ba ziyara zai je ba fa." Na kwana ban runtsa ba.

Da safe na ɗauki warwaron da ya lalace na nufi unguwar Zongo, wurin wani dattijo Ba'abzine, maƙerin fari, don ya narkar min da shi in rage asara. Ya kalli kartar ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce ɗana ne, bai iya ba. Ya ce, "Kawo min ƙarfen da ya yi aiki da shi." Na koma na ɗauko akwatin gaba ɗaya. Dattijon ya zari ɗaya, ya ɗora tsininsa a kan farcen babban yatsansa, ya tura a hankali. Ƙarfen ya sulale kamar an shafa wa farcen mai. Ya ɗauki magagari ya goga a gefensa, magagarin ya ci shi kamar ƙusa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, da wannan ko ni ba zan ja layi ɗaya ba. Haruffa biyun nan da ya yi kafin ya zame, da ƙarfin hali ya yi su. Turo min shi."

Abin da zan jera muku yanzu daga wurinsa na same shi, domin na riƙa zama a gefe ina kallo, na kuma riƙa tambaya har ya fara ce min ɗalibi na biyu.

Da farko a gane wane irin aiki ake magana. Ado a jikin ƙarfe iri biyu ne da muka saba gani. Akwai na bugu, kamar farantan tagulla na mutanen Bida a ƙasar Nupe: ana ɗora ɗan ƙarfe mai siffa a baki, a buga shi da ƙaramar guduma, ƙarfen ya lotsa amma ba a cire masa komai. Akwai kuma na yanka, inda bakin ƙarfen zane ke shiga ya fitar da siririn zare na azurfa ko tagulla, ya bar layi mai ƙyalli. Shi ne irin wanda maƙeran Agadas ke ƙawata abin wuyan nan nasu da ya yi suna a duniya: sai sun siffanta shi da kakin zuma, sun lulluɓe da yumɓu, sun narkar da kakin sun zuba azurfa, sun goge da magagari, sannan a zo kan zane. Na bugu yana yafe wa ƙarfe mara kaifi. Na yanka ba ya yafewa. Rubuta suna a zobe ko warwaro aikin yanka ne, kuma rabin sana'ar a kan dutsen washi take.

To, wane ƙarfe mai koyo zai fara da shi? Dattijo ya ce uku sun isa shekarar farko, kai ɗaya ma ya isa watannin farko.

Na ɗaya shi ne mai kusurwa huɗu. Ɗan sanda ne siriri, kaurinsa milimita 2 zuwa 3, ana riƙe shi ƙusurwa ɗaya tana kallon ƙasa, sai ya yanka layi mai tsukakken gindi da faɗin baki. In ka danna kaɗan layin ya fito siriri, in ka ƙara ko ka karkata hannu ya yi faɗi. Da shi ake rubutu, da shi ake ganye da fure. Wanda ya iya shi ya iya yawancin aikin.

Na biyu mai faffaɗan baki, kamar ƙaramin kurfi. Da shi ake share fili a bayan zane, da shi kuma ake layin nan mai zigzag da kuke gani a gefen kayan azurfa: ana tsayar da shi a karkace, a riƙa girgiza hannu dama da hagu yana takawa gaba. Wannan shi ne adon da ya fi saurin koyuwa, kuma yana ba yaro ƙwarin gwiwa.

Na uku mai zagayayyen ciki, don ɗigo da layi mai kauri. Sauran tara da ke cikin akwatina, ko da ƙarfensu na kirki ne, da sun yi shekara suna barci.

Sai maganar jinsin ƙarfen, wadda ita ce ta kayar da ni. Dole ƙarfen zane ya fi abin da zai yanka tauri nesa ba kusa ba. Iri uku ake samu a kantunan kayan maƙeran zinariya. Akwai ƙarfen gargajiya mai tauri, irin na magagari da reza: yana ɗaukar kaifi sosai, yana wasuwa da sauƙi a dutse, aibinsa in ya yi zafi wajen washi taurinsa ya tafi. Akwai wanda ake rubuta wa HSS a jiki, irin ƙarfen bakin injin huda: ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai dakushe ba, washinsa ya fi cin lokaci kaɗan. Akwai kuma kabayid, wanda ya fi su duka tauri, amma yana da gautsi, tsininsa na ɓallewa a hannun wanda bai saba ba, kuma dutsen washi na yau da kullum ba ya cin sa sai mai garin lu'ulu'u. Ga mai koyo, ɗaya daga biyun farko. A bar na ukun sai hannu ya zauna.

In za ka saya, tafi da ƙaramin magagari a aljihu. Goga shi a gefen ƙarfen kusa da baki. In ya sulale yana ƙara kamar a kan gilashi, akwai tauri. In ya kama ya fitar da gari, mayar wa mai shi, komai kyan akwatin. Mu da muke ƙwanƙwasa faranti mu ji amonsa kafin mu saya, ban san me ya hana ni gwada wannan ba.

In kuma kana garin da babu kantin irin waɗannan kaya, ba a rasa hanya ba. Dattijo bai taɓa sayen ƙarfen zane ba, da kansa yake yi daga tsohon ƙaramin magagari. Yakan gasa shi ya yi ja, ya binne a toka mai zafi ya huce a hankali, sai ya yi laushi ya siffantu. In ya gama siffanta shi, ya mayar da bakin cikin garwashi har ya yi ja sosai, ya kai matakin da maganaɗisu ya daina kama shi, wato wajen digiri 770 na zafi, ya ɗan ƙara kaɗan, sai ya tsoma a mai. A nan ya yi tauri amma da gautsi kamar kwalba. Sai ya goge shi ya yi fari, ya ɗumama daga baya da ƙaramar wuta yana kallon launi yana tafiya zuwa baki. Da bakin ya yi ruwan busasshen karan dawa, wajen digiri 220 zuwa 230 ke nan, sai ya tsoma shi ya tsayar da zafin. In aka yi sakaci ya kai shuɗi, ya yi laushi da yawa ga wannan aiki, sai a sake daga farko. Wannan ba abin da yaro zai yi shi kaɗai ba ne ranar farko, amma kowane maƙeri na kirki ya san shi.

Kada a raina ƙota da tsawo. Ƙotar ƙarama ce mai faɗin baya kamar rabin goruba, tana zama a tsakiyar tafin hannu, domin tafin ne ke turawa, yatsu jagora kawai suke yi. In ka riƙe, tsinin ya wuce kan babban yatsa da santimita ɗaya ko biyu, kada ya fi haka. Na kanti yawanci suna zuwa da tsawo, ana rage su daga ɓangaren da ke shiga ƙota. In za a karya, a matse shi da kyau, a rufe da tsumma, domin ɓaraguzan ƙarfe mai tauri na tashi zuwa ido. Na Auta sun yi masa tsawo da kusan yatsa biyu, shi ma yana cikin abin da ya sa suke ƙwace masa.

Yanzu ga inda ya kamata kuɗin su tafi: dutse. Da jaka takwas ɗin nan na raba, na sayi ƙarfe biyu na kirki da dutse mai kyau, da ba mu kai ga jini ba. Dutsen da ake wasa wuƙar nama a gida bai isa ba, ya yi kaushi kuma tsakiyarsa ta yi kwarmi. Ana son dutse shimfiɗaɗɗe sumul, iri biyu: mai ɗan kaushi na siffantawa, da mai laushi na gamawa. Wanda aka fi yabo wajen gamawa shi ne farin dutsen da ake haƙowa a jihar Akansas ta Amurka, ana ɗiga masa mai. Akwai kuma farantan ƙarfe masu garin lu'ulu'u, da lamba a jiki kamar 600 da 1200. Lamba na hawa, laushi na ƙaruwa. In duk babu, a sami ɓallin gilashi mai kauri, a shimfiɗa samfefar da masu fentin mota ke amfani da ita, mai lamba 400, sai 800, sai 1200, sai 2000. Gilashin ne ke ba da shimfiɗa. Ɗigon man keken ɗinki ya isa a kan dutse, kuma a riƙa yawo a duk faɗinsa, kada a tsaya wuri ɗaya ya rame.

Bakin ƙarfen zane yana da wurare biyu da ake wasawa. Dattijo na kiransu fuska da dunduniya.

Fuska ita ce gangaren da ke gaba, wanda ke kallon sama idan ana aiki. Karkatarta digiri 45 ce ga jan ƙarfe da tagulla da azurfa. In abin da za a yanka ya fi tauri, a ƙara ta kai 50 ko 55 don tsinin ya sami ƙarfin baya. In ta kwanta da yawa tsinin ya yi siriri ya karye. In ta miƙe da yawa ya ƙi shiga, sai ka yi ta turawa da ƙarfi, kuma a turawa da ƙarfi ake zamewa. Ba sai da ma'auni ba: ɗauki takarda mai kusurwa huɗu daidai, ninka ta daga ƙusurwa zuwa ƙusurwa, abin da ya fito 45 ne. Dattijo ya sa kafinta ya yanko wa Auta guntun katako mai wannan karkata, yana jingina ƙarfen a jiki har hannunsa ya haddace. A ɗora fuskar a kan dutse ta zauna daram, a kafe wuyan hannu, a goga. Babban kuskuren mai koyo shi ne rawar hannu: fuskar ta fito a dunƙule kamar bayan cokali maimakon shafe ɗaya. In ka juya ta a haske, ya kamata ta ƙyalla gaba ɗaya lokaci guda. In hasken yana tafiya a kanta sannu sannu, ba ta shafe ba, koma dutse. Wata dabara kuma, a rage saman ƙarfen kusa da baki don fuskar ta zama ƙarama. Ƙaramar fuska ta fi saurin wasuwa, kuma ba ta tare maka ganin layin da kake bi.

Dunduniya ita ce wadda ban taɓa sanin da ita ba, kuma ko ɗaya cikin goma sha biyun nan ba shi da ita. A ƙarƙashin tsinin, a gefuna biyun da suka haɗu suka yi kaifin ƙasa, ana ɗan goge kowane gefe a karkatar wajen digiri 15, wato kashi ɗaya cikin uku na takardar nan da ka ninka. Shafa biyu ko uku a dutse mai laushi, shi ke nan. Tsawonta kada ya wuce rabin milimita, da ƙyar ido ke ganinta. Amfaninta biyu. Tana ɗaga hannunka sama da aikin, yatsu su sami wuri. Kuma ita ce abin da ƙarfen ke hawa a kai: ka ɗaga ƙota ya nutsa, ka sauke ya fito. In babu ita, ƙarfe ya yi ta nutsewa har ya tsaya, kai kuma ka ƙara ƙarfi, ya fizge. In ta yi tsawo, a miƙaƙƙen layi ba laifi, amma a lanƙwasa sai ta riƙa kartar gefen layin. In gefe ɗaya ya fi ɗaya, tsinin ya karkace, ƙarfen ya riƙa janye hannunka gefe guda kamar jakin da kayansa suka rinjaya. Saboda haka a ƙirga shafar: uku nan, uku can. Madubin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo, yana da amfani sosai a nan.

In an gama, akan sami ɗan siririn gashin ƙarfe a bakin. A caka tsinin cikin katako mai tauri sau biyu, zai fita. Sai gwajin farce: ɗora tsinin a kan farcen babban yatsa a karkace, ba tare da dannawa ba. In ya kama ya tsaya, ya yi. In ya sulale, bai yi ba. Mai son layinsa ya yi ƙyalli a azurfa sai ya ƙara goge dunduniyar a samfefa mafi laushi a kan gilashi har ta zama kamar madubi, domin yadda bakin yake haka zai bar sawu.

Gargaɗi biyu. Injin washi na masu walda yana da sauri, amma cikin ƙiftawar ido yake ƙona baki. Da ka ga tsini ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi, sai an cinye wurin gaba ɗaya. In dole ne a yi amfani da shi wajen rage ƙarfe, a taɓa kaɗan a tsoma a ruwa, a sa tabarau, a gama da hannu a kan dutse. Na biyu, washi ba na safe kaɗai ba ne. Dutsen dattijo yana gefen gwiwarsa, a aiki ɗaya yakan koma masa sau da yawa. Ya ce wa Auta, "Duk lokacin da ka ji kana ƙara ƙarfi, tsaya. Ba hannunka ne ya gaji ba, bakin ne ya tafi. In kuma ya zame sau ɗaya, kada ka sake sa shi sai ka duba tsinin, yawanci ya ɓalle ne."

Kwana ashirin yaron nan bai taɓa azurfa ba. Washi, sai layi a kan guntun jan ƙarfe, sai washi. Jan ƙarfe ne abin koyo, yana da laushi kuma ba tsada. Daga shi sai tagulla, sannan azurfa. Alminiyam yana danƙarewa a baki, kwanukan nan marasa tsatsa kuwa suna cinye kaifi nan da nan. Ana manne guntun a kan katako da danƙo mai ƙarfi, a ɗora a kan ƙaramin matashin fata mai yashi a ciki. In za a yi lanƙwasa, aikin ake juyawa da hagu, ƙarfen yana nan inda yake. Hannun hagu kuma kullum a ƙasa da layin tsini, kada ya taɓa zama a gabansa. Da an gaya wa Auta wannan tun farko, da babu tabon da ke hannunsa.

Ga kuma abin da mu 'yan kasuwa ya kamata mu fi kowa sani: ba duk mai ƙyalli ne azurfa ba. Lambar 925 na nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ce, sauran yawanci jan ƙarfe. Amma da yawa daga farantai da warwaron da muke sayarwa ruwan azurfa ko na zinariya aka shafa musu a sama. Ƙarfen zane na shiga zai huda rufin, wani launi ya leƙo daga ƙasa. Kafin yaro ya karɓi aiki, ya san me ke hannunsa, ya kuma gaya wa mai kaya gaskiya.

Za ku ce, yo ai yanzu akwai injin da ke rubutu da haske cikin minti biyu. Akwai, kuma ya kwashe aikin kofunan gasa da allunan ofis. Amma ba kowane gari ne ke da shi ba, yana son wuta da jari mai yawa, kuma layinsa ba ya ƙyalli irin na yankan hannu. Kayan Auta duka suna shiga aljihun riga. Duk inda fatauci ya kai shi, in akwai biki akwai aiki.

Yau wata bakwai ke nan. Ba zan ce muku ya zama gwani ba, dattijo ma ya ce da saura, musamman a rubutun ajami inda layi ke kauri ya sirance. Amma yana rubuta suna a faranti da zobe a ƙofar rumfata, mutane suna tsayawa kallo, wasu kuma daga kallon suke sayen kaya. Zancen hamada ban sake jin sa ba, ina kuma roƙon Allah kada ya dawo. Ranar da ya fara fitar da zaren tagulla mai tsawo yana naɗewa a gaban tsini bai katse ba, ya ɗago ya kalle ni. Na kira shi gefe na ce, "Auta, ka yafe min maganar ran nan. Ni na ba ka dakusasshen ƙarfe, na kuma ɗora maka laifinsa." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Da daddare ya zo ya sa hannu a kwanona.

Akwatin nan mai jan ƙyalle yana nan a rumfa, ban sayar wa kowa ba, ba zan kuma sayar ba. Iyaye 'yan uwana, mukan sa yaro ɗinki mu ba shi keken da ke tsinka zare, mu sa shi aski mu ba shi almakashin da ke tauna gashi, in ya kasa mu ce malalaci ne. Shi kuma bai san yadda kayan kirki suke a hannu ba, sai ya yarda cewa shi ne bai iya ba. Kafin ka yanke wa ɗanka hukunci, ɗauki kayan aikinsa ka kai wa wanda ya san sana'ar ya duba. Ba zai ci maka ko dala ba, sai 'yar tafiya da sauke girman kai.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a hannuwansu, ya mayar da na nesa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa.